Muryar Inna a Cikin Sifika

Kai da kake cewa ka yi iyakar yinka abu ya ƙi, gyara zama ka ji misalin wani mai kayan sauti. Sana'arsa kai sifikoki gidajen biki, irin mutanen nan da ba su yarda sauti ya yi ba sai kwanukan da ke jere a ɗaki sun kama rawa. Mahaifiyarsa ta rasu ta bar mahaifinsa, tsoho, shi kuma kunnensa sai nauyi yake ƙarawa, na bana ya fi na bara. Abin da ya rage na muryarta kaset ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka ranar wani suna tana hira da mata a tsakar gida. Tsohon ya ce ba ya roƙon ɗansa komai, illa ya sake jin matarsa kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya. Ɗan ya ga abu ya zo gidan sauƙi. Ya girke manyan akwatunan sifika biyu a ɗakin uban, ya tura 'yan sandunan ikwalaiza, na'urar daidaita sauti, duka sama kamar yadda ya saba a filin biki. Ɗaki ya ɗauki rugugi. Tsoho ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce a kashe, wannan ba ita ba ce, matarsa ba ta taɓa yi masa magana daga cikin rijiya ba. Maganar ta yi wa ɗan zafi ƙwarai, gari duka ana yabon hannunsa, ga shi ya kasa a ɗakin ubansa. Ya ƙudura a ransa kayan nan ba za su bar ɗakin ba sai tsohon ya ji ta.

Da farko ya yi irin ta mai zafin kai, ya murɗa wannan, ya tura wancan, duk a lokaci guda. In abu ya ɗan yi kyau bai san me ya gyara ba, in ya ɓaci bai san me ya ɓata ba. Da ya ga wankin hula zai kai shi dare, sai ya mayar da komai tsakiya, ya kafa wa kansa doka: abu ɗaya zai taɓa, ya saurara, sannan ya taɓa na gaba. Ya kuma daina saurare a tsaye, ya zauna kan buzun tsohon, kunnensa daidai inda na uban yake. A nan ya gane ragi ake bukata, shi kuwa duk rayuwarsa ƙari ya iya. Ya rage kaurin sauti, rijiyar ta tafi, amma muryar ta fito kamar an tsaga ta gida biyu. Ya kwance bayan akwati, ya duba ɗan allon da ke raba aiki tsakanin babbar sifika mai kauri da ƙaramar mai siririn sauti. Ashe iyakar ta faɗo a tsakiyar muryar mace, kowace tana jan nata rabin kamar maƙwabta kan iyakar gona. Ya narka dalma, ya cire wannan ya liƙa wancan, ya matsar da iyakar, ya saurara, ya sake matsarwa. Yatsunsa suka sha ƙuna. Abokan sana'a suka shiga tsokanarsa, wai ya bar biki ya koma jinyar akwati. Uban da kansa ya ji tausayinsa, ya ce ya haƙura, laifin kunne ne. Ɗan ya ce, "Baba, muddin kana jin sallamata, za ka ji ta." Daga ƙarshe ya ɗan ɗaga siririn sautin nan da ke fito da haruffa, wanda shi kunnen tsufa ke fara rasawa.

Wata la'asar ya kunna. Tsoho na zaune yana jan carbi, ko kai bai ɗaga ba, don ya riga ya fid da rai. Mata na ta hirarsu a kaset, sai marigayiyar ta ɗaga murya wajen zaure ta ce, "Malam, a kawo maka furar nan ne?" Tsoho ya ce, "Kawo mana," kafin ya tuna. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ɗan ya juya baya, ya kama naɗe wata waya da tuni take a naɗe, hawaye na zubo masa.

To, kai ma koma kan naka, ka taɓa abu ɗaya ka saurara. Hausawa ba su faɗa a banza ba: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.