Kiɗan Da Ya Game Kwari

"Zo ki ga ikon Allah!" wani dattijo ya ƙwala wa matarsa kira, yana kaɗa waya.

Tun da ya bar aikin haƙar kwal ya shiga zauren intanet na 'yan koyon mandolin, wata irin garayar Turawa, inda kowa ke naɗar wani tsohon kiɗan goge na tsaunukansu ya ɗora. Wata guda abokai suna yi masa tsiya, wai nasa kamar an take wutsiyar kyanwa. Yau ga shi ya fi kowa masu saurare.

"Ranar Lahadi a coci zan kaɗa shi!"

"Tsoho, a dai bi a hankali," in ji ta.

Ya fita shan iska yana taƙama. Sai ya jiyo kiɗansa na tashi daga lasifika a lambun matarsa, daga na maƙwabta ma haka, har gangaren kwari. Idanunsa suka ciko da ƙwalla.

Maƙwabcinsa ya leƙo ta shinge, ya cire hula.

"Allah ya saka, dattijo! Tun da uwargidanka ta turo mana kiɗan nan muke sa shi a lambu, ko barewa ɗaya ba ta sake taɓa mana wake ba."