Ɗakin Ƙarshe na Barnaby

Tsohon kaset ɗin wasan kwamfuta ya fara ƙugin nan nasa mai tsaga kunne, zauren gidan tarihin Huddersfield ya kaure da tafi. Clive Hebden kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

An taru ne don karrama Barnaby, wasan kwamfutar da marigayiya Moira Tordoff ta rubuta a saman shagon babanta tun ita da Clive suna da ƙuruciya. Shi Barnaby ɗin wani ɗan tsurut ne mai gyaran rufi, yana tsalle daga katako zuwa katako, kyanwoyi na fafararsa. Duk yaron da ke da kwamfuta a gida a zamanin sai da ya manta da cin abinci a kansa. Amma abin da tarihi ya riƙe daban ne: tsallen da zai kai mutum ɗakin ƙarshe ba ya yiwuwa. Katakon ya yi nisa da ƙiris.

Aikin Clive ne ya buga wasan daga farko har ƙarshe kafin a kai kamfani. Ita Moira tana da hanyar faɗawa kowane ɗaki kai tsaye, don haka ba ta taɓa gwada tsallen ba. Shi kuma gogan naka ya kai rabi ya gaji, ya tafi kallon ƙwallo.

Washegari ta tarbe shi da kofin shayi.

"Sarkin lalaci, ka kai ƙarshe?"

"Tun jiya."

"To... me ka ce?"

"Me zan ce kuwa? Ba wani abu. A kai kawai."

Ta ajiye kofin, ta juya ta ce za ta ɗan yi wa wasan gyara.

Wasa ya fito, mujallu suka yi mata caa. Ta tattara ta koma Aberdeen, ba ta ƙara nemansa ba. Yana sonta kamar ransa, bai taɓa furtawa ba, to yanzu da wane ido zai kalle ta bayan ƙaryarsa ta kashe mata suna? Haka suka tsufa, kowa a garinsa.

Shi ya sa ya kawo wa gidan tarihin kaset ɗin gwajin da ta ba shi hannu da hannu tun kafin wancan gyaran. Ya ƙudurta yau zai wanke ta a gaban jama'a, kowa ya san wanda ya yi sakacin.

Masanan gidan sun riga sun matso da katakon a wasan da ke kaset ɗin nasa, don tsallen ya yiwu. Mai gabatarwa ta miƙo masa kwamfutar tana dariya. "Baba, kai ka san hanya. Kai mu!"

Ya bi ɗakunan, ya zo bakin ramin da ke gaban ɗakin ƙarshe, ya danna. Barnaby ya tashi sama, ya dira. Ƙofa ta buɗe.

Tafin ya mutu. Ɗakin wayam yake, ba kyanwa ba kambun nasara, sai manyan haruffa rawaya a jikin bango: "Clive, ni dai na gaji da jira. Za ka aure ni?"