Yau Daji Ya Tuna da Ni

Ya jefa zomon gaban murhu, ya zube kan tabarma, ko takalmi bai cire ba.

"Hura wuta," ya ce wa matarsa. "Yau dai daji ya tuna da ni."

Tun da nama ya fi ƙarfin talaka ya kafa doka a gidan: zomayen keji na iri ne, ba mai taɓa su sai sun hayayyafa. Mata shida ne, namiji ɗaya tal. Naman miya shi zai riƙa harbowa. Amma kullum ƙaya yake dawowa da ita a ƙafa, yara su ci lami.

"A ina ka same shi, Baban yara?"

"Nan bayan gona. Ƙato, ko gudu bai yi ba. Tsayawa ya yi yana kallona kamar ya san ni."

Ta juya kunnen zomon. Ga tsagar shaida da mijin nata da kansa ya yi da almakashi.

Ta jawo tukunya.

"Ai dole ya san ka, kai ke ba shi dusa. Tun safe nake neman namijin nan. A buɗe ka bar kejinsa."