Tsiron Gindin Katanga

Munira ta sake tuge tsiron nan mai farin ruwa kamar nono a gindin katangar sabon gidansu na Yalwawa. Duk sanda ta tuge, sai ya dawo a wurinsa. Ta tura wa ƙawaye hotonsa, babu wadda ta san shi.

Da Iya Larai mai daddawa ta zo wucewa, Munira ta miƙa mata shi.

"Iya, wace irin ciyawa ce wannan mai naci?"

Tsohuwar ta kakkaɓe ƙasar jikinsa a hankali.

"Aguwa ce, 'yar nan, irin da ake dasawa a kan kabari, ni nake dasa ta. Tun wurin nan yana daji aka binne ɗana a nan. In kin tuge, da me zan gane kabarinsa?"