Jar Waya

Ana tafa mata a ɗakin sarrafa inji, ita kuwa idonta na kan tsohon da ya shigo riƙe da ɗan akwati. Yau aka naɗa ta shugabar injiniyoyin na'urorin awo, kujerar da ya bari shekara shida baya.

A wancan lokacin, ƙararrawar zafi ta yi ta katse gwajin injin da ake so ya samar da wuta irin ta rana. Ta sa gajeriyar jar waya ta toshe bakin ƙararrawar, ta ɗaura mata takarda da sunanta bisa ƙa'ida, ta manta ba ta cire ba. Da zafi ya yi yawa ƙararrawar ba ta yi ƙara ba, babban maganaɗisun injin ya ƙone. Masu bincike ba su ga wayar ba, suka ce sakacin shugaba ne. Ya tattara ya tafi, ita kuma ta ja bakinta ta yi shiru.

"Ranki ya daɗe," tsohon ya ce yana dariya da ya iso gabanta, "kek ɗin ma sai kin auna zafinsa?"

"Kai dai ba ka canza ba, Baba," ta ce.

Ya miƙa mata akwatin, ta buɗe. Jar wayar ce, da takardarta, rubutun ko dushewa bai yi ba.

"Na riga masu binciken zuwa," ya ce a hankali. "Ajiye ta inda za ki riƙa ganinta."

Aka miƙo mata makirufo don ta yi godiya. Ta ɗaga wayar sama, yadda kowa zai iya karanta sunan.