Ranar da Muka Wuce Shiru

Injin ɗan ƙaramin jirginmu ya yi tari sau biyu, ya ɗauke. Ba ka jin komai sai iska a fukafukan tamfol.

"Kai yaro, ce mini wasa kake."

"Riƙe da kyau, Baba," in ji mijin autata, yana ta murɗa makunni.

Na tsufa a tuƙin tirela, na san ƙarfe ba ya jin magiya. Amma mota in ta mutu, gefen titi ake tura ta. Wannan keken sama mai kujera biyu fa?

Ƙasa duk gonakin shinkafa ne cike da ruwa, sai wayoyin lantarki da dajin gora. Busasshen wurin da za mu iya sauka ɗaya ne, filin bakin kogi, inda tsofaffin ƙauyenmu ke buga ƙwallon guduma, wasan kora ƙwallo cikin 'yar ƙofa da gudumar katako. Ga su kuwa a sunkuye, farar hular matata a tsakiya.

"Za su watse," na ce. "Kullum tun daga nesa suke ɗaga guduma suna zaginka."

"Ƙarar injin suke ji, Baba."

Muka yi ihu har murya ta dushe. Iska ta kwashe. Ni da na fi kowa mita kan hayaniyar jirgin nan, yau ita nake roƙo.

"Ka yafe ni," ya ce, ya karkatar da mu dajin gora.

Kafin ganye ya rufe mu na hango matata ta buga ƙwallonta, ta ci, tana tafi. Ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba.