Maɗorin Kwana Arba'in

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Safar, ƙarfe biyar saura kwata na yamma, Mudi ɗan ƙanena ya same ni a zaure, ya miƙo mini wayarsa. A ciki wani Bature ne, ya aske kai ƙwal, ya yafa mayafi ruwan goro, yana tsalle yana fasa tubali da gefen hannu. Shelar da yake yi ita ce wai ya zama ɗaya daga cikin masu zuhudun addinin Buda na ƙasar Sin, waɗanda suka haɗa bauta da gwanintar faɗa, domin ya yi wata uku a gidan bautarsu. Na ce ƙarya yake. Mudi ya ce, "Haba Baffa, don dai fari ne? Ga shi kana gani ya iya!" Na ce masa ba fatar mutumin nake tuhuma ba. Addininsu ba nawa ba ne, amma na ji mutanen nan sukan bar aure, su bar nama, su bar dukiya, su yi shekara da shekaru suna shara da ɗiban ruwa kafin malaminsu ya kira su da wannan suna. Da Baturen ya zauna ya ɗauki nauyin nan, da ni ne farkon mai ba shi girmansa. Sai na ce, zauna, Mudi, ka ji abin da na gani da idona lokacin da nake sabon malamin makaranta a ƙauye.

Wani matafiyi ya sauka a gidan wani tsohon maɗori, wanda ya gaji ɗori daga ubansa, ubansa kuma daga kakansa. Ya roƙi a bar shi ya kalli aiki, aka bar shi, domin baƙo ne. Duk ranar da aka kawo mai karaya, matafiyin nan yana gaba. Ya ga yadda ƙarti huɗu ke danne mutum, ya ga yadda tsohon ke jan ƙafa har ƙashi ya koma mazauninsa, ya ga shafa man shanu, da jera kara, da ɗauri. Wannan shi ne wurin ihu da taron jama'a, kuma ya haddace shi tsaf. Amma akwai wani aiki da ba ya tara kowa. Kullum bayan sallar asuba tsohon yakan ɗauki sandarsa ya bi gidajen waɗanda ya ɗora, wani a bayan rafi, wani a tungar da ta fi mil uku. Yakan taɓa yatsun ƙafa ya ji ko da ɗumi, ya sa ɗan yatsa ƙarƙashin ɗauri, in kumburi ya taso ya sassauta, in ya saɓe ya ƙara ja. Sau biyu ya ce wa baƙon ya zo su je. Baƙon ya ce raɓa tana sa shi mura, kuma gaisuwar marasa lafiya ba ita ta kawo shi ba. Da ya cika kwana arba'in sai ya sayi irin jakar fatar da tsohon ke ratayawa, ya yanki kara dami guda, ya zo ƙauyen da nake koyarwa ya ce shi almajirin wane ne. Sunan tsohon kuwa ya kai ko'ina. Ba wanda ya aika a tambaya ko an sallame shi, har da ni, kuma har gobe ina jin kunyar wannan.

Ana farkon damina wani manomi ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, ƙwaurinsa ya karye. Mutum ne mai baki tara a gida, ga gona an yi shuka, noman farko na jiran ƙafar nan. Matafiyin ya zo da jakarsa, ya sa aka danne, ya ja, ƙashi ya zauna. Wallahi ya iya ja, ba zan tauye masa ba. Ya ɗaure tamau, jama'a suka yi ta sa albarka, ya koma masaukinsa. Kwana ɗaya manomi yana kuka, aka ce haka ɗori yake. Kwana biyu yatsu suka yi sanyi. Matarsa ta je ta durƙusa ta ce, "Malam, ka zo ka duba, ƙafar ta sauya kamanni." Ya ce mata a gidan malaminsa bai taɓa ganin an kwance ɗauri ba. Gaskiya ya faɗa, bai taɓa gani ba, domin lokacin da ake kwancewa barci yake yi. A kwana na biyar wari ya cika ɗakin. Aka ɗora manomi a amalanke zuwa asibitin birni, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Da labari ya kai wa tsohon maɗori, sai da ya tako da kansa ya tsaya a dandali ya rantse cewa bai taɓa sallamar mutumin nan ba, amma sunan gidansu, wanda aka yi zuriya uku ana tsarewa, ya riga ya shiga bakin duniya.

To kai Mudi, da kake ce mini ya iya, iyawar da ake nunawa a taro ita ce mafi arha a kowace sana'a. Abin da ke ba mutum suna shi ne wahalar da ba mai kallo, da izinin wanda ya riga shi shan ta. Wanda ya ɗauki sunan ya bar nauyin, ɓarawo ne, ko daga ina ya fito. Bayan matafiyin ya gudu na bi gida gida na rubuta a littafina: mutum bakwai ya ɗora a ƙauyen nan, biyu sun warke, huɗu suna ɗingishi, ɗaya yana dogara sanda da ƙafa guda. Hausawa sun gama magana da suka ce, kama da wane ba ta wane.